Sanƙarau a iyakar Benin da Nijar: cuta na ƙetare kogi, bayanan marasa lafiya na tsayawa a gaɓa

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a arewacin Jamhuriyar Benin, ma'aikatan lafiya na yankin Malanville da Karimama kan shiga shirin ko-ta-kwana. Lokacin sanƙarau ke nan, wanda yakan fara a watan Disamba, ya tsananta cikin zafin Maris da Afrilu, sannan ya lafa idan ruwan sama ya sauka. A Toumboutou, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville, kamar sauran garuruwan kwarin Kogin Kwara, ganin annoba da wuri ko makara wajen ganinta ya rataya ne a kan abubuwa biyu da ido kan raina: takardar da ma'aikacin lafiya ke cikawa a kan kowane mara lafiya, da ɗan ruwan da ake ɗiba daga gadon bayansa a aika ɗakin gwaji.

Da waɗannan abubuwa biyu ne ake sanin wace ƙwayar cuta ke yawo, wace allurar rigakafi za a nemo, da kuma garin da za a fara kai ta. Da su ne masu bincike suka gina duk ilimin da ake da shi a yau game da cututtukan da ke kama ƙwaƙwalwa da laka a yankin Sahel. Matsalar ita ce, a wannan kusurwa da Benin da Nijar da Najeriya suka haɗu, jama'a na zirga-zirga kamar ƙasa ɗaya, amma bayanan lafiyarsu na rabuwa gida uku.

Yanki ɗaya, rajista uku

Gada ce kawai ta raba Malanville da Gaya ta jihar Doso a Nijar. Daga Gaya kuma, tafiya kaɗan ce zuwa Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Kasuwar Malanville, wadda ake lissafawa a matsayin ta biyu mafi girma a Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, tana tara Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa da Bargawa daga ƙasashen uku. Aure da fatauci da kiwo da su da karatun allo duk sun ɗaure iyalan gaɓoɓin biyu. Ƙwayar sanƙarau kuwa ta numfashi da tari da cuɗanya take yaɗuwa, kuma mutane da yawa na ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da sun kwanta ciwo ba. Duk inda mutane suka bi, ta bi.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba, aka rufe gadar. Benin ta buɗe nata ɓangaren bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata, tana mai kafa hujja da dalilan tsaro. Rufewar ba ta hana mutane ƙetarewa ba. Sun koma ga kwale-kwale. Abin da ta raunana shi ne hulɗar hukumomi, wadda da ita ce jami'in lafiya na wannan gaɓa zai sanar da takwaransa na wancan gaɓa cewa an ga ciwo a gari kaza. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ta ƙara nesanta ɓangarorin a kan takarda.

A ɗauki misalin yaron da ya kamu da zazzaɓi da sanƙarewar wuya a wani ƙauyen Toumboutou, mahaifiyarsa kuma 'yar Gaya ce, sai dangi suka ɗauke shi zuwa can. Idan aka rubuta shi a Gaya, zai shiga lissafin Nijar. Idan ba a tambayi inda ya kwana a makonnin da suka gabata ba, ƙauyen da ciwon ya fito zai kasance babu komai a kansa a rajistar Benin. Haka abin yake idan aka juya: ɗan Nijar ko ɗan Najeriya da aka kwantar a asibitin Malanville, wanda saboda tsoron tambayar takardu ya ba da adireshin wani ɗan'uwa na cikin gari. Ga Hausawan da ke zaune a ƙasar da ba su ne masu rinjaye ba, wannan ba sabon abu ba ne. Takardar da faransanci ake cika ta, hirar kuma sau da yawa sai da tafinta, kuma sunan ƙauye ɗaya kan fito da rubutu iri biyu ko uku.

Me ya sa kowane mutum ɗaya ke da nauyi a lissafi

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sabunta ƙa'idojin gane annobar sanƙarau a shekarar 2014. A yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka sami mutum 3 da ake zargi da ciwon a cikin kowane 100,000 a mako guda, an kai matakin gargaɗi. Idan suka kai 10, an shiga annoba. A yankin da jama'arsa ba su kai 30,000 ba, mutum 2 a mako sun isa gargaɗi, mutum 5 kuma annoba. Saboda haka mara lafiya ɗaya ko biyu da ba a rubuta ba suna iya jinkirta ƙararrawa da mako guda ko fiye.

Ƙidayar 2013 ta nuna ƙaramar hukumar Malanville na da mutum kimanin dubu 168. Idan aka haɗa su duka a lissafi ɗaya, sai an sami marasa lafiya kusan 17 a mako kafin a ce annoba ta ɓarke. Amma sanƙarau yakan fara ne a dunƙule, a ƙauye ɗaya ko biyu. Mutum 6 a gunduma ɗaya na iya zama annoba sosai a can, alhali a jimillar ƙaramar hukumar ba su taka kara sun karya ba. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idar ta ce a riƙa rarraba manyan yankuna zuwa ƙanana wajen lissafi, kuma shi ya sa layin da aka ware wa sunan ƙauye a jikin takardar ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci.

Sauran abubuwan da takardar ke nema su ne shekarun mara lafiya, ranar da ciwon ya fara, ranar da ya zo asibiti, alamomin da aka gani, ko an taɓa yi masa rigakafi da irin allurar, ko ya sha magani kafin zuwansa, da kuma yadda aka ƙare: ya warke, ya rasu, ko an tafi da shi gida kafin a sallame shi. Kowace takarda na da lambar da za a manna wa kwalbar samfurin, don sakamakon gwaji ya dawo kan mutumin da ya dace. Tazarar da ke tsakanin ranar fara ciwo da ranar zuwa asibiti kaɗai tana gaya wa masu bincike abubuwa da yawa game da nisan hanya, kuɗin magani, da kwanakin da ake ɓatawa wajen masu maganin gargajiya ko masu tallar ƙwayoyi a kasuwa.

Lokaci kuwa ba ya jira. Rumbun allurar gaggawa na duniya yana hannun wani kwamiti da aka kafa a 1997, bayan babbar annobar 1996, wanda ya ƙunshi OMS da UNICEF da Médecins Sans Frontières da Tarayyar Ƙungiyoyin Red Cross. Ƙasar da ke neman allura sai ta gabatar da alƙaluma da shaidar ɗakin gwaji kan nau'in ƙwayar, kuma tsarin yanke shawarar ya fi son a sami aƙalla samfura 10 da aka tabbatar. Ana so a fara rigakafin cikin makonni huɗu da shiga annoba, domin bayan haka amfaninsa na raguwa sosai. Gundumar da ba ta aika samfuri ba, layin allura zai wuce ta.

Tafiyar kwalba

Ɗiban ruwan laka aiki ne na 'yan mintoci a hannun wanda ya ƙware. Ana sa mara lafiya ya lanƙwashe, a tsira siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu, ƙasa da inda lakar ta ƙare, a tari ɗigo kaɗan. Ruwan mai lafiya garau yake kamar na rijiya mai kyau. Idan ya fito da gurɓata, alama ce mai ƙarfi ta sanƙarau na bakteriya. Jiki kan mayar da abin da aka ɗiba cikin ɗan lokaci.

Wahalar na farawa ne bayan an ɗiba. Ƙwayar sanƙarau ba ta jure zafi, ba ta kuma jure sanyin firji. Idan ana so a raya ta a ɗakin gwaji don sanin maganin da ke kashe ta, sai ruwan ya isa cikin kimanin sa'a guda, ko kuma a zuba shi a wata kwalba ta musamman da ake kira Trans-Isolate, mai ɗauke da abincin da zai riƙe ƙwayar da rai a hanya. Gwajin PCR, wanda ke neman sawun halittar ƙwayar ko da ta mutu, ya sauƙaƙa lamarin, amma injinansa a manyan birane suke. A Nijar, cibiyar CERMES da ke Yamai ce ke wannan aiki tun farkon shekarun 2000, kuma daga Gaya zuwa can kimanin kilomita 300 ne. Daga Malanville zuwa Parakou sama da kilomita 300 ne, zuwa Kwatano kuma sama da 700. A taswira Yamai ta fi kusa da Toumboutou a kan Kwatano nesa ba kusa ba, amma samfurin ƙasa ɗaya ba ya bin hanyar wata ƙasa sai da yarjejeniya.

Akwai wurare da dama da kwalbar kan ɓace. Kayan ɗiban na iya ƙarewa a tsakiyar lokacin ciwon. Ma'aikacin da aka horar na iya samun canjin wurin aiki. Kuɗin motar da za ta kai samfurin na iya makara. Idan an ba mara lafiya allurar ceftriaxone kafin ɗiban, wanda wani lokaci dole ne domin ba a jinkirta magani saboda gwaji, ƙwayar ba lalle ta tsiro ba. Matsalar tsaro a jihar Alibori, inda 'yan bindiga masu iƙirarin jihadi suka kai hare-hare masu muni kan sojojin Benin a yankin gandun dajin W a Janairu da Afrilun 2025, ta ƙara wa tafiye-tafiyen jami'an lafiya nauyi. Sannan ko da samfurin ya isa, sau da yawa sakamakon kan tsaya a babban birni, ya shiga rahoton mako, ba tare da ya komo wa ma'aikacin da ya ɗiba ko iyayen da suka amince ba. Ma'aikacin da ya aika kwalba goma bai ji komai ba, da wuya ya yi rawar jiki wajen aika ta goma sha ɗaya.

Darasin nau'in A da nau'in C

Tarihin yankin ya nuna abin da bayanai masu kyau ke haifarwa, da abin da rashinsu ke jawowa. Likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ne ya zana iyakokin abin da ake kira zirin sanƙarau a 1963, bayan ya tattara rahotannin asibitoci na shekaru masu yawa. A yau zirin ya ratsa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum kimanin 250,000, ta kashe kimanin 25,000. A Najeriya kaɗai an lissafa fiye da mutum 100,000 da suka kamu, fiye da 11,000 kuma suka rasu.

Da yake gwaje-gwaje sun tabbatar cewa nau'in A ne ke haddasa mafi yawan annobar, aka ƙirƙiro allurar MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa a kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba. An ƙaddamar da ita a Disambar 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar. Arewacin Benin ya shiga tarihin wannan allura a Nuwambar 2012, lokacin da aka yi wa sama da mutum 155,000 rigakafi a Banikoara, cikin jihar Alibori, da allurar da aka yarda ta yi kwana huɗu a wajen firji a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Wannan ne karo na farko da aka yi hakan a hukumance a Afirka, kuma bayanan da aka tattara a can ne suka ba wasu ƙasashe ƙwarin gwiwar bin sahu. A Chadi, binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna ciwon ya ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar. Tun 2017 ba a sake tabbatar da nau'in A a zirin ba.

Sai dai yayin da ake murnar wannan nasara, wani sabon jinsi na nau'in C ya ɓullo a jihar Sakkwato a 2013, ya bayyana a Kebbi a 2014, sannan ya ƙetara Nijar, inda a 2015 ya kama mutum kimanin 8,500, ya kashe 573, mafi yawa a Yamai da jihar Doso. Daga Disambar 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya koma Najeriya da ƙarfi, ya faro daga Zamfara, aka lissafa mutum 14,518 da ake zargi da kamuwa da 1,166 da suka rasu. A waccan annoba, waɗanda aka gwada ruwan lakarsu ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma an ɗauki watanni kafin girman lamarin ya bayyana ga hukumomin tarayya. A ƙarshen 2019 da farkon 2020, Banikoara ɗin da ta yi suna da allurar nau'in A ta sake fama da ɓarkewar sanƙarau. A 2022 zuwa 2023 kuma ciwon ya kama Damagaram da maƙwabciyarta Jigawa a lokaci guda.

Duk waɗannan wurare iyaka ce ta haɗa su. Shirin MenAfriNet, wanda aka kafa a 2014 don bin diddigin kowane mara lafiya ɗaya bayan ɗaya, ya fara da Burkina Faso da Mali da Nijar da Togo, Chadi ta shiga daga baya. Benin da Najeriya ba sa cikin waɗannan biyar ɗin. Ƙasashen na aika alƙaluman mako ga ofishin OMS da ke Wagadugu, wanda ke fitar da rahoton bai-ɗaya, amma zurfin bayanan da ke bayan alƙaluman ya bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa.

Suma da jijjiga ba sanƙarau kaɗai ke kawo su ba

Da damina, idan sanƙarau ya lafa, yaran da ake kawowa a sume ko suna jijjiga ba sa raguwa a kwarin kogin, inda fadamun shinkafa da ambaliya ke renon sauro. Nan zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ke karɓar fage. Yankin lafiya na Malanville da Karimama na cikin biyun farko da Benin ta fara raba wa yara maganin kariya na lokacin damina a 2019, abin da ke nuna nauyin cutar a wurin.

A irin wannan yanki, yara da yawa na ɗauke da ƙwayar maleriya a jini ko da lafiyarsu ƙalau. Saboda haka idan yaro ya suma, aka gwada jininsa aka ga maleriya, hakan bai tabbatar ita ce ta sumar da shi ba. Wani bincike da aka yi a Blantyre ta ƙasar Malawi, aka wallafa a 2004, ya duba gawarwakin yaran da likitoci suka ce maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, ya gano kusan kashi ɗaya cikin huɗu wani ciwo dabam ne ajalinsu. Daga cikin abubuwan da kan ɓuya a bayan wannan suna akwai sanƙarau na ƙwayar pneumocoque, wadda ta haddasa annoba a Ghana a 2015 zuwa 2016, da tarin fuka da ya hau ƙwaƙwalwa, da ƙwayoyin birus iri-iri, har da haukan kare. Kowanne da maganinsa ko rigakafinsa.

Irin binciken da ke rarrabe waɗannan cututtuka yana buƙatar asibiti mai kayan aiki, don haka yakan tsaya a kudu. Shirin NeuroCM, wanda ya bi yara masu dogon suma a Benin a 2018, a asibitocin Kwatano da Abomey-Calavi aka gudanar da shi. Sakamakonsa na da amfani, amma yanayin gaɓar teku da na Sahel ba ɗaya ba ne, ko ta fuskar lokacin cututtuka ko ta nisan asibiti. Matuƙar ba a tattara bayanai daga wurare irin su Malanville ba, za a ci gaba da tsara wa arewa magani da awon kudu.

Tabon Kano da batun yarda

Babu mai maganar bincike kan sanƙarau a ƙasar Hausa ya tsallake abin da ya faru a Kano a 1996. A tsakiyar annobar, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin, a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, 5 cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce ciwon ne ya kashe yaran. An daɗe ana shari'a a Najeriya da Amurka kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Labarin na cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin ƙauracewa allurar shan-inna a 2003, kuma ya bi hanyoyin fatauci ya isa zangon Hausawa a ƙasashe maƙwabta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ga wannan an ƙara tsoron allurar baya ita kanta. Sau da yawa yaron da aka kawo a makare yakan rasu ko ya shanye bayan an ɗibi ruwan, sai dangi su ɗora laifin a kan allurar, alhali ciwon ne ya riga ya yi nisa. Maganin wannan shi ne bayani a harshen da uba da uwa ke ji, kafin a taɓa yaron, da rarrabe abubuwa uku da akan cakuɗa. Gwajin da ake yi don jinyar mara lafiya dabam, rahoton da doka ta wajabta wa asibiti ya aika wa ma'aikatar lafiya dabam, bincike kuma dabam. Na ukun sai da izinin mutum ko waliyyinsa, yana da 'yancin ƙi, kuma ƙin ba zai rage masa komai a jinya ba.

A kan takarda, kariyar tana nan. Benin na da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, da dokar harkokin zamani ta 2018 da hukumar APDP mai kare bayanan mutane. Nijar na da HAPDP, Najeriya kuma ta yi dokar kare bayanai a 2023. Tambayoyin da suka rage su ne na aikace: wa ke riƙe da sunayen marasa lafiya, ina ragowar samfurin ke zuwa idan an fitar da shi waje, kuma ko akwai tabbacin cewa adireshin da baƙo ya bayar a asibiti ba zai koma hannun jami'an shige da fice ba. A yankin da ake zaman ɗar-ɗar saboda tsaro, wanda bai sami wannan tabbaci ba zai ɓoye garinsu.

Akwai misalin binciken da aka yi da jama'a kuma ya amfane su. A 2017, a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre da ma'aikatar lafiyar Nijar sun gwada raba ƙwayar ciprofloxacine ga dukan mutanen ƙauye da zarar an sami mai sanƙarau a cikinsu. A ƙauyukan da aka yi hakan, yawan masu kamuwa ya ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. An iya auna wannan ne domin an san yawan mutanen kowane ƙauye, kuma an rubuta kowane mara lafiya da sunan garinsu.

Waɗanda suka rayu

Alƙaluman OMS sun nuna cewa cikin mutum 6 da suka kamu da sanƙarau na bakteriya ɗaya na rasuwa, cikin 5 da suka rayu kuma ɗaya na fita da nakasa mai ɗorewa: kurumta, farfaɗiya, shanyewar gaɓa, matsalar gani ko raunin koyo. Takardar rahoto kuwa a ranar sallama take rufewa da kalmar "ya warke". Yaron da ya koma gida ba ya ji, aka cire shi daga makarantar boko ko ta allo saboda an ɗauka taurin kai ne, ba ya cikin kowane lissafi. Taswirar kawar da sanƙarau nan da 2030, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita a Nuwambar 2020, ta sa rage nakasa cikin manyan burikanta, tare da kawar da annoba, rage kamuwa da kashi 50 da rage mace-mace da kashi 70. Ƙa'idojin jinya na farko da OMS ta fitar a Afrilun 2025 sun jaddada a duba jin waɗanda suka warke, a kuma sake ganinsu bayan sallama. Ga iyalin da ke ƙetaren kogi, dawowa wannan dubawar na nufin kuɗin jirgi da haɗarin hanya.

Abin da za a sa wa ido

Sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar, A da C da W da Y da X, ta sami amincewar OMS a Yulin 2023 bayan gwaje-gwaje a Mali da Gambiya. Najeriya ce ta fara amfani da ita a Maris 2024, Nijar ta biyo baya a shekarar. Allurar ba za ta wadaci kowa a lokaci ɗaya ba, kuma ana tsara waɗanda za a fara yi wa ne bisa alƙaluman shekarun baya. Gundumar da ta yi ta fama da ciwon ba tare da rubutu ba za ta bayyana a taswira kamar mai lafiya. Bayan an yi allurar ma, sai da gwajin ruwan laka za a san ko tana aiki, ko kuma wata ƙwayar ta maye gurbi kamar yadda C ya maye gurbin A.

Wannan na zuwa ne a daidai lokacin da kuɗin waje ke ja da baya, bayan Amurka ta sanar da ficewa daga OMS a Janairun 2025 tare da rushe hukumarta ta USAID. Sa ido kan cututtuka na cikin ayyukan da kan fara jin jiki idan kasafi ya tsuke, domin ba a ganin amfaninsa sai ranar da aka rasa shi.

Matakan da za su kawo sauyi a kan wannan iyaka ba masu tsada ba ne idan aka kwatanta da kuɗin yaƙi da annoba. Na farko, a tabbatar kayan ɗiban ruwan laka da kwalaben jigila sun isa cibiyoyin lafiya kafin Disamba. Na biyu, takardar rahoto ta riƙa ɗaukar inda mara lafiya ya zauna a makonnin baya ko da a wata ƙasa ne. Na uku, sakamakon gwaji ya riƙa komawa ga ma'aikaci da iyali. Na huɗu, jami'an lafiya na Malanville da Gaya da Kamba su sami izinin musayar alƙaluman mako kai tsaye, abin da Dokokin Lafiya na Duniya na 2005, waɗanda ƙasashen uku suka amince da su, ke ƙarfafawa, kuma ba ya buƙatar a buɗe gada. Limamai da sarakunan zango da shugabannin 'yan kasuwa na da rawar takawa wajen bayyana wa jama'a cewa zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, abin kai wa asibiti ne a ranar, kuma faɗin ainihin garin da aka fito na iya zama sanadin kawo wa garin allura.

Ko gwamnatocin Kwatano da Yamai za su ware harkar lafiya daga saɓaninsu na siyasa, watannin bazara ne za su nuna, lokacin da alƙaluman mako suka fara hawa a Doso da Kebbi da Alibori.